Lambar da Ke Gaban Sunan Malami: Wayar Hannu, Bola da Ƙidayar Ambato

Duk shekara idan lokacin duba takardun ƙarin girma ya ƙarato, ɗakin karatun da nake aiki a cikinsa a nan Lafia yakan cika da baƙin da ba mu saba gani ba. Malaman makarantar ne da kansu, kuma babu mai neman aron littafi a cikinsu. Kowa so yake a buɗe masa shafinsa na Google Scholar a buga masa a takarda, domin kwamitin da zai duba shi ya ga lamba guda: sau nawa wasu masu bincike suka ambaci aikinsa a cikin nasu rubutun. Mai ɗaruruwa yakan tsaya a yi hira. Mai goma sha wani abu tun kafin ya kai ƙofa ya naɗe takardar ya cusa a aljihu.

Ga yadda lambar ke samuwa. Idan masani ya rubuta maƙala a mujallar ilimi, a ƙarshenta yakan jera ayyukan da ya dogara da su. Duk wanda aikinsa ya fito a wannan jeri, an ambace shi sau ɗaya ke nan. Kwamfuta ce ke bin miliyoyin maƙaloli tana tsince waɗannan ambato, ta tara wa kowa nasa a gaban sunansa. Wanda ya yi karatun zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba, don mai karatun hadisi ma ba ya karɓar magana sai ya ji isnadinta, wane daga wane har zuwa tushe. Sai dai malaman hadisi ba su tsaya ga ƙirga masu ruwaya ba. Sukan bincika mutumin: amintacce ne? Yana da kiyayewa? Ya ma taɓa haɗuwa da wanda ya ce ya ji daga gare shi? Kwamfuta ba ta yin ko ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi. Wanda aka ambata don a yaba masa da wanda aka ambata don a ƙaryata shi, maki ɗaya kowannensu zai samu.

Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya kawo shawarar a 1955, a mujallar Science, kuma a 1964 ya fitar da kundin ambato na fannonin kimiyya. Daga lauyoyi ya aro dabarar, domin tun 1873 suke da kundin Shepard, wanda ke nuna wace shari'a ce ta kafa hujja da wace. Nufin Garfield shi ne sauƙaƙa nema: ka sami maƙala mai kyau, ka ga waɗanda suka ɗora a kanta daga baya, ka bi sawunsu. Auna mutane da ita ya biyo baya ne. A 2004 kundayen ambato na intanet, Google Scholar da Scopus, suka fito, a 2005 kuma Jorge Hirsch, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ya ƙirƙiro ma'aunin da ake kira h. Idan aka ce h ɗin malami 10 ne, to yana da maƙala goma da aka ambaci kowacce aƙalla sau goma. Tun daga nan rayuwar mutum ta shekara ashirin a ɗakin gwaji ta koma lamba ɗaya da ake iya faɗa a waya.

A 'yan shekarun nan fannoni biyu nake yawan gani a allon matasan malamai, na sashen kwamfuta da na lafiyar al'umma da na kemistiri: kiwon lafiya ta wayar hannu, da sharar kayan lantarki. Na taɓa tambayar ɗaya daga cikinsu dalili. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai nan ne kasuwa take ci." Gaskiya ya faɗa. Fannoni ne da duniya ke rububinsu, masu rubutu a kansu suna da yawa, don haka ambato yana zuwa da wuri. Abin da ya fi jan hankalina shi ne duka biyun a kan abu ɗaya suke magana. Na farko yana duba waya tana da rai a hannun ma'aikaciyar asibiti, na biyu yana dubanta bayan ta mutu ta faɗa buhun ɗan jari bola. Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 muke saye muna yarwa, kuma kowane ɓangare ya haifar da nasa masanan.

A ɓangaren lafiya, aikin da kusan kowa ke ambata shi ne gwajin da aka yi a Kenya, wanda mujallar Lancet ta buga a 2010. Richard Lester da abokan aikinsa sun riƙa aika wa masu shan maganin ƙanjamau gajeren saƙon tes sau ɗaya a mako, ana tambayar su ya jiki, mutum ya amsa ko lafiya ko da damuwa. Waɗanda ake aika wa saƙon sun fi sauran tsare shan magani. Wannan sakamako ya buɗe ƙofa, ƙungiyoyin agaji suka yi ta kwararowa Afirka da wayoyi da manhajoji, har abin ya yi yawa. A 2012 ma'aikatar lafiya ta Uganda ta dakatar da sababbin gwaje-gwajen irin wannan, saboda sun cika ƙasar, kowanne da tsarinsa, babu mai magana da wani, kuma da kuɗin mai ba da tallafi ya ƙare sai aikin ya mutu.

Jiharmu ma tana cikin wannan tarihi. A 2012 ƙungiyar Pathfinder International ta sa wata manhaja a wayoyin ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitoci ashirin a Abuja da Jihar Nasarawa. Manhajar tana bi da ma'aikaciya mataki-mataki wajen awon ciki: me za ta tambaya, me za ta auna, wace alama ce ta haɗari. An kuma saka saƙonnin murya goma sha uku na wayar da kai, waɗanda ake kunna wa mai ciki ta saurara. Masu binciken sun yi hira 266 da mata a lokacin da suke fitowa daga awo, suka auna ingancin kulawar da abubuwa 25. Kafin manhaja makin 13.3 ne, bayanta ya kai 17.2. Marion McNabb da abokan aikinta suka buga sakamakon a mujallar PLoS ONE a 2015, kuma duk mai rubuta bitar ayyukan kiwon lafiya ta waya a Afirka zai iya cin karo da shi.

Aiki ne mai kyau, ko da yake asibitocin da kansu aka gwada, jiya da yau, ba a ajiye wasu a gefe marasa manhaja don a kwatanta ba. A ganina saƙonnin muryar nan su ne mafi hikima a cikin shirin duka. Wanda ya san ƙauyukan da ke kewaye da Lafia, ta hanyar Doma ko ta Obi ko ta Shabu, ya san mace mai jin Eggon ko Alago ko Gwandara ko Migili, Hausarta ta kasuwa ce, saƙon tes da Turanci ba zai yi mata komai ba. Sau da yawa ma wayar tana aljihun maigida, shi kuma yana gona. To amma idan wani masani a Landan ya ambaci wannan maƙala, layi ɗaya zai ba ta a cikin jadawali: ƙasa kaza, shekara kaza, inganci ya ƙaru. Lamba ta hau da ɗaya. Ko wayoyin sun ci gaba da aiki bayan an rufe shirin, wa ke sayen kati, wa ke biyan kuɗin caji, ina aka kai su da batirinsu ya kumbura, ƙidayar ambato ba a gina ta don amsa waɗannan ba.

Akwai kuma ayyukan da amfaninsu ya fi ambatonsu nesa ba kusa ba. Tun 2010 hukumar NAFDAC ta fara tsarin kankare kwalin magani ka aika lambar da ke ciki ta tes, a amsa maka ko na gaske ne ko jabu. Uwar da ta tsaya a kemis a kan titin Jos ta kankare kwalin maganin zazzaɓin ɗanta ba za ta rubuta maƙala ba, balle ta ambaci kowa. Haka lokacin da Ebola ta shigo Legas a Yulin 2014, wayoyi na cikin abin da aka yi amfani da shi wajen bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ƙasar ta tsira a ranar 20 ga Oktoba na shekarar. Matasan da suka yi ta bin gidaje da ma'aunin zafi da waya a hannu ba su da shafi a Google Scholar.

Sai ɗaya ƙarshen wayar. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22.3 cikin 100 kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa ta hanyar da ta dace. A Afirka bai kai kashi 1 ba. Ana hasashen sharar za ta kai tan miliyan 82 a 2030. Mu kuwa mun daɗe da sanin zama juji. A 1988 aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko, wanda yanzu yake Jihar Delta, abin da ya sa gwamnatin soja ta kafa dokar hana shigo da shara mai cutarwa a shekarar. Yarjejeniyar Basel kan safarar irin wannan shara tsakanin ƙasashe ta biyo baya a 1989, ta Bamako a 1991. A 2005 wata ƙungiyar Amurka, Basel Action Network, ta fitar da rahoto a kan Legas cewa kimanin kwantena 500 na tsofaffin kwamfutoci da makamantansu ke shigowa duk wata, kuma 'yan kasuwar da kansu suka ce har kashi uku cikin huɗu na iya zama matattu.

A nan ne sunayen 'yan Najeriya biyu suka yi fice: Farfesa Oladele Osibanjo na Jami'ar Ibadan da Innocent Nnorom na Jami'ar Jihar Abiya da ke Uturu. Maƙalar da suka buga a 2008 a kan yadda ƙasashe masu tasowa ke tafiyar da wannan shara, da raunin dokokinsu, tana cikin waɗanda masu wannan fanni ke yawan komawa gare su har yau. Nnorom yana kuma cikin waɗanda suka yi binciken tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016, inda aka leƙa cikin kwantenoni da motoci aka ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa a shekara, fiye da tan 15,000 daga ciki ba sa aiki, kuma mafi yawansu daga tashoshin Turai suka taso. Da yawa a cikin tsofaffin motoci ake cusa su a shigo da su tare.

Ina kawo misalin Nnorom ga duk wanda ya ce mini ƙidayar ambato aikin banza ce. Uturu ba Legas ba ce, ba Ibadan ba ce. Mutum ya zauna a jami'ar jiha, ya yi aiki mai kyau, duniya ta gan shi ba tare da ya san kowa a Abuja ba. A tsarin da aka saba, inda ake ƙirga yawan takardu kawai, ko a duba wane ne ubangidanka, wannan lamba ta kawo wani adalci. Malami a Jami'ar Tarayya ta Lafia, wadda sai a 2011 aka kafa ta, yana iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da na tsofaffin jami'o'i idan aikinsa ya karɓu. Ba na son a jefar da wannan.

Damuwata tana wani wuri ne. Ka buɗe maƙaloli a kan illar wannan shara, sunaye uku za ka yi ta gani: Guiyu a ƙasar Sin, Agbogbloshie a Accra, sai Alaba da Ikeja a Legas. A Guiyu, wani bincike na 2007 ya auna jinin yara 165 ya sami fiye da kashi 80 cikin 100 da dalma sama da ma'aunin da ake ɗauka haɗari a lokacin. Agbogbloshie kuwa, inda akasarin masu ƙona wayar wuta 'yan arewacin Gana ne, ya sha masu bincike da masu ɗaukar hoto har hukuma ta rushe wurin a 2021. Wuri yana yin suna, masu bincike su ƙara tururuwa can, don wanda ya rubuta a kan wurin da aka sani shi ake ambata. Masanin zamantakewa Robert Merton ya bayyana wannan tun 1968: mai suna ake ƙara wa suna.

Sharar Lafia kuwa ba irin ta Alaba ba ce. Babu tashar jirgin ruwa a nan, babu tulin kwamfutocin ofisoshin Turai. Garin nan ya yi shekaru yana fama da ƙarancin wuta kafin a ƙaddamar da babbar tashar wuta ta Akurba a 2022, kuma abin da rashin wuta ke haifarwa shi ne ke cika bolarmu: fitila mai caji da ba ta shekara, tocila, ƙaramar rediyo, fanka mai batir, cajar da ta ƙone, batirin sola da na inbata, janareta da ta gaji. Yaran da ke tura kura suna bin unguwanni, daga Bukan Sidi zuwa Tudun Amba, su ne ke kwashe su. Wayar wuta a ƙona ta da tsohuwar taya a fitar da jan ƙarfe, a kai sikeli. Fanel ɗin waya a ware shi daban, don akwai dillalan da ke sayensa. Batir babba a fasa shi da guduma, a tsiyaye ruwan a ƙasa, a ɗebi dalmar. Na tambayi wani yaro da na samu yana wannan fasa ko ruwan ba ya cin hannunsa. Ya nuna mini tafinsa ya ce, "Baba, ai ya saba."

Hannu yana iya sabawa, amma dalma a jini take taruwa, ta taɓa ƙwaƙwalwa, musamman ta ƙananan yara. Mu 'yan Arewa ba sai an kai mu Sin ba kafin mu gane. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara, irin su Dareta da Yargalma, daga baya aka gano Bagega. Yaron da ya wuni yana fasa batir, da ƙurar a rigarsa zai koma gida, inda ƙannensa ke rarrafe. Ga kuma wani abin lura: a 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa litiyom, wato ma'adinin da ake yin batirin waya da shi, a ƙaramar hukumar Nasarawa. Daga ƙasarmu yake fita, ya je ya dawo a cikin waya, ya ƙare a bolarmu.

Yanzu ka sa kanka a matsayin matashiyar malamar kemistiri da ke son zama babbar lakcara nan da shekara uku. Hanya biyu ce a gabanta. Ta farko, ta zauna da kwamfuta wata biyu ta karanta ayyukan wasu, ta rubuta maƙalar bita a kan sharar lantarki a Afirka. Irin wannan ita ake yawan ambata, don kowa na son maƙala ɗaya da zai jingina gabatarwarsa da ita. Ta biyu, ta je inda ake ƙona waya ta ɗebi ƙasa da ruwan rijiya, ta nemi izinin kwamitin ɗa'a kafin a ɗebi jinin kowa, ta lallashi shugaban 'yan jari bola da ke zaton hukuma ce ta turo ta, ta biya kuɗin gwajin kowane samfuri daga albashinta idan tallafin TETFund bai fito ba. Ta gama ta aika wa babbar mujalla, edita ya amsa cewa batun na gari ɗaya ne, ba zai ja hankalin masu karatunsu ba. Idan ma an karɓa, mujallu da yawa da ake karantawa kyauta suna cajin marubuci fiye da dala dubu. Ta ƙare a ƙaramar mujallar cikin gida da Scopus bai san da ita ba. Ban ga laifin wadda ta zaɓi ta farko ba. Tsarin ne ya nuna mata inda riba take.

Inda kuwa lamba ta zama kuɗi, za a sami masu buga jabunta. Akwai mujallun da ke buga komai cikin mako ɗaya in dai an biya, irin waɗanda wani ma'aikacin ɗakin karatu a Amurka, Jeffrey Beall, ya riƙa jerawa har ya rufe jerin a 2017. Akwai abokai da ke yarjejeniya, ka ambace ni in ambace ka. Akwai mai duba maƙala da ba zai sa hannu ba sai an cusa ayyukansa biyar a ciki. A 2024 wani ɗalibin digirin digirgir a Amurka, Reese Richardson, da abokinsa suka ƙirƙira wa wata mage mai suna Larry maƙaloli goma sha biyu na shirme, suka ɗora wasu da ke ambaton su. Google Scholar ya ba magen ambato 132 da h 11 kafin a farga a goge. Na san masu digirin digirgir da suka yi shekaru suna aikin gaske ba su kai magen nan ba.

Manyan masana sun ga matsalar. A 2012 aka tsara sanarwar San Francisco, wadda ke kira da a daina auna mutum da sunan mujallar da ya buga a ciki, a karanta aikin kansa. Jami'o'i da cibiyoyi da dama a duniya sun sa hannu. Karanta aiki kuwa yana cin lokaci, ga kwamiti da tulin fayiloli, shi ya sa lamba ke da farin jini.

Da za a tambaye ni, shafi ɗaya zan ƙara a fom ɗin ƙarin girma, a bar na ambato yadda yake. A tambayi malami: wa ya yi amfani da wannan aiki a wajen jami'a, kuma ina shaida? Wasiƙa daga hukumar kula da lafiya a matakin farko cewa sun gyara tsarin awo saboda bincikenka. Shiri a gidan rediyon jiha inda aka bayyana sakamakon da Hausa da Eggon. Zama da ƙungiyar masu gyaran waya a kan inda za su riƙa tara matattun batura. Dokar ma tana nan tana jiran mai kawo mata hujja: an kafa hukumar kula da muhalli ta NESREA a 2007, ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki a 2011, a 2018 kuma aka kafa EPRON domin kamfanonin da ke ƙerawa da shigo da kayan su ɗauki nauyin tattara su idan sun mutu. Amma jami'in muhalli a Lafia ba zai shiga ofishin kwamishina da sakamakon jinin yaran Guiyu ya nemi kuɗin killace wurin ƙona waya ba. Za a tambaye shi nawa ne dalmar da ke cikin ƙasar wurin, nawa ne a rijiyar maƙwabta, yara nawa aka auna, a wace unguwa. Wanda zai kawo waɗannan alƙaluma yana cikin malaman da ke zuwa in buga musu shafinsu, kuma ya riga ya san maƙalar ba za ta motsa h ɗinsa ba.